Kayan Ɗarin Lurwanu

Matar ƙanena Zulaihatu mace ce mai tsari, irin tsarin da ke sa ki koma gida ki ji haushin ɗakinki. Malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, a nan Tasawa, amma a Yamai ta girma wajen babanta ma'aikacin gwamnati, kuma daga can ta zo mana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani ba. Mu dai abin da muka sani, mace ta tara zannuwa a akwati har murfi ya ƙi rufuwa, ta hau kai ta zauna a danna mata kwaɗo. Ita kuwa sai ta raba tufafinta bisa lokutan shekara. Damina na da nata, marasa nauyi masu saurin bushewa, masu duhun launi saboda taɓo. Ɗari na da nasa masu kauri, zafi na da nasa na auduga. In lokaci ya juya sai ta fitar da ƴan kayan da ba su cika jaka ɗaya ba, ta zaɓe su yadda kowace riga za ta hau kowane zane. Sauran ta wanke, ta shanya, ta ninke da kafur, ta kulle a akwatin ƙarfe sai lokacinsu ya zagayo.

Na sha tsokanarta. Nakan ce mace mai albashi, ga miji a ƙasar waje, amma ko mai tallan fura ta fi ta yawan zane. Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ni da sahe ba ni tsayawa tunanin mi zan sa." Abin da ya fi ba ni haushi, ban taɓa ganin ta fito ba fes ba.

Tana da doka ɗaya da ba ta karyawa. Duk tufar da lokacinta ya zo ya wuce ba a sa ta ba, to ta gama zama a gidan, a ba mai bukata. Ni kaina na ci atamfofi ta wannan hanya, kuma ranar ban ce dokar ba ta da kyau ba.

Mijinta Lurwanu shi ne autanmu. Shekara ta uku ke nan yana Aljeriya wajen aiki. Tun kafin a fara yankan gero ba mu ji muryarsa ba, amma hankalinmu kwance yake, don ya faɗa mana za a kai su wata gona can cikin daji inda waya ba ta kamawa.

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuliƙuli. Bayan kaka na tafi Korgom sayen gyaɗa, na yi ƴan kwanaki wajen wata ƙawata, kuma ina can ɗari ya sauko. Washegarin dawowata ina gaban kasko ina suya sai wayata ta yi ƙara. Kawu Ishaƙu ne, ƙanen mahaifiyarmu, daga ƙauyenmu Maijirgi. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Hamida, ashe haka kuke? Ashe haka za ku yi muna?"

"Kawu, mi munka yi?"

"Yaro shi rasu ku ɓoye ma uwatai? Har a raba kayanai, sai a kasuwa za ta gani?"

"Wane yaro?"

"Lurwanu mana! Ki ɗauko matar nan ku taho yanzu. Ga uwarku Ladi nan kwance, tun jiya ko ruwa ba ta sha ba."

Ban san lokacin da matsamin ya faɗi daga hannuna ba. Na ji kamar an ɗauke ƙasar da nake tsaye a kai. Man da na bari bisa wuta maƙwabciyata ce ta sauke shi, ni dai na tsinci kaina a titi da hijabi a baibai, ina salati ina gudu. Wato ƙanena, wanda na goya a bayana, ya mutu, matarsa ta sani ta rufe baki, don ita ƴar boko ce mai tsari?

Ranar Asabar ce, babu lakkwal. Na same ta zaune a tsakar gida bisa tabarma, akwatin ƙarfe a buɗe, tana ninke kayan damina tana bin waƙar rediyo a hankali. Ta ɗago ta yi mini murmushi.

"Yaya, kin dawo? Ina hanya?"

"Yaushe ya rasu?"

"Wa?"

"Kada ki raina mini hankali, Zulaihatu. Yaushe Lurwanu ya rasu?"

Zanen da ke hannunta ya zame. Ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna. Da ƙyar ta ce, "Wa ya ce? Wa ya kira ki? Yaya, don Allah wa ya kira ki?"

Yadda fuskarta ta zube ya tsayar da ni. Wannan ba fuskar mai ɓoye mutuwa ba ce, yanzu take jin labarin daga bakina. Na ce mata Kawu ne, kuma ya ce an raba kayan Lurwanu.

"Kaya?" Ta dubi akwatin, ta dube ni. "Kayan ɗarinshi? Ai ni na bayar."

"Kin bayar?"

"Yaya, ɗari biyu ina hiddo su, in wanke, in goge, in rataye ko zai zo, ɗari ya wuce in maida. Bana na buɗe na iske asu ya hwara cin bargon. Sai ga Na Allah mai amalanke ya kawo mini itace da sassahe, shina karkarwa cikin riga guda. Na ba shi bulusan ɗin, rigar sanyin nan tashi mai kauri. Na kira Illo mai gadi na ba shi bargon. Sauran rigunan sanyin da huluna na kai masallaci a raba."

"Duka rana guda?"

"Rana guda. In ya dawo ai sai a sai sababbi. Amma mi na yi?"

Sai na zauna a ƙasa daɓas, ban ko nemi tabarma ba. A wurinmu mutum na iya tuɓe rigarsa ya ba wani da hannunsa, wannan kyauta ce. Amma matar matafiyi ta buɗe akwatinsa, ta kira mutane ta rarraba, har ta kai saura masallaci, wannan ba a yin sa sai an share makoki. Ko yaron goye ya san haka. Ban taɓa faɗa mata ba, don ban taɓa zaton abu ne da ake faɗa ba.

Da na yi mata bayani ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce shi ya sa. Kowa ta miƙa wa sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ita kuma ta ce amin, tana zaton rashin mijin a gida ake nufi. Su kuma suka ɗauka muna ɓoye wa tsohuwarmu rasuwar ne, suka kama bakinsu.

Na ce, "Kira shi."

Ta kira. Muryar matar nan ta kamfanin waya ce ta amsa. Ta sake kira, ita dai. Na ƙwace wayar na kira da hannuna, kamar yatsana ya fi nata albarka, ban samu komai ba. Muka tare kabu-kabu biyu muka kama hanyar Maijirgi.

Tun daga nesa na hango abin da ya kusa kayar da ni daga kan babur. An shimfiɗa tabarmi gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidanmu, maza sun jeru, liman na tsakiya, ana ɗaga hannu ana shafawa. Mutanen da na yi shekaru ban gani ba, har daga Kanan Bakashe, duk sun iso. Makokin ƙanena ake yi sosai da sosai, kuma babu mutum ɗaya a wurin da ya ji mutuwarsa daga bakin wanda ya gani.

Muna sauka mata suka yanyame Zulaihatu. Wannan ta rungume ta tana kuka, waccan ta ce yarinya ƙarama da takaba, wata tsohuwa har ta fara kwance mata ƴan kunne. Zulaihatu na ta cewa, "Bai mutu ba, wallahi bai mutu ba," su kuma suna kallon juna suna girgiza kai, suna cewa zafin rashi ne, a bi ta a hankali. Can gefen danga na hango Na Allah tsugune cikin tsohuwar rigarsa guda, ya yi tsuru-tsuru, da gani ya gwammace ɗarin da abin da kyautar ta jawo masa.

Inna na kwance a ɗakinta, fuska ga bango, ta rungume bulusan ɗin. Baƙi ne mai jan layi a hannuwa, da shi Lurwanu ya zo yi mata sallama ranar da zai tafi. Kwana ɗaya kawai, amma ta ƙanƙance har na ji tsoro. Ba ta juyo ba ta fara magana, muryarta a dishe.

"Na kai kuɓewa busassa kasuwa. Sai na hango rigar nan daga baya, mai ita shina sauke buhu. Na ce Lurwanu ya zo bai hwaɗi ba, shina son shi ba ni mamaki. Na bar tallata na ruga, ni tsohuwa, ina ture mutane. Na kama hannunai na ce, ɗan nema, haka aka yi? Ya juyo. Ba shi ba ne."

Ta ƙara ƙanƙame bulusan ɗin a ƙirjinta.

"Na ce ina ka samu? Ya ce matatai ta raba kayanai, Allah shi jiƙanai."

Zulaihatu ta durƙusa bakin gadon. Ta faɗi komai tun daga farko, asu da bargo da karkarwar Na Allah, ta rantse, ta nemi gafara. Ni ma na sa baki, na ce Inna kin san halinta da kayan sawa, dokar nan tata ce ta bi ta kan kayan mijin. Kawu Ishaƙu da ke bakin ƙofa ya saki baki yana kallonmu, ya kasa gane yadda za a ce mace ta raba kayan mai rai don kawai ɗari ya shigo.

Inna ta juyo a hankali. Ta dubi Zulaihatu ta daɗe.

"Yaushe rabonki da jin muryatai?"

"Tun kahin yankan hatsi, Inna."

"To da mi kinka san shina da rai?"

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. Ni ma tambayar ta shige ni har ƙashi, don tun safe nake riƙe da cewa kuskure ne kawai, ban tsaya na tuna cewa mu ma ba mu da wata shaida ba.

"Hannunki bai tahi ga kayan nan banza ba," in ji Inna. "Wani abu ya gaya ma zuciyarki. In shina da rai ku ba ni shi in ji. In ban ji ba, kada wadda ta kawo mini ruwa."

Na san Inna. In ta faɗi magana ko liman bai isa ya sauke ta ba. Ga ta da ciwon hawan jini, ga leɓunanta sun bushe sun tsage. Na fita na kawo fura mai sanyi a ƙwarya, na ajiye kusa da kanta, ko kallo ba ta ishe ta ba.

A Maijirgi in kana son waya ta kama sosai sai ka hau tudun bayan rumbuna. Can muka koma ni da Zulaihatu. Ta kira duk lambar da Lurwanu ya taɓa kiranta da ita, wata a kashe, wata wani Balarabe ya ɗauka ya yi ta magana ba mu gane ba. Sai na tuna da Bashiru, wani ɗan unguwarmu da suka tafi tare. Na kira matarsa a Tasawa ta ba mu lambarsa. Bai ɗauka ba. Zulaihatu ta aika masa saƙon murya, ta ce ko ina Lurwanu yake a nemo shi, uwarsa na bakin mutuwa.

Daga nan sai jira. Rana ta take, aka yi azahar, baƙi na ta ƙaruwa. Kawu ya rasa yadda zai yi da su, bai iya cewa su tashi ba, bai iya cewa su zauna ba, sai kai da komowa yake yana gyara hula. Mata sun ɗora tukunyar sadaka sun tsaya da muciya a hannu suna jiran a ce musu a tuƙa ko a sauke.

Zulaihatu ba ta yi kuka ba. Ta zauna bisa tudun nan da waya a tafin hannu, ta ƙura mata ido. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, ko gaskiyar Inna ce? Da na buɗe akwatin ban ji komi ba. Ban ko sunsuna su ba kamar yadda na saba. Na ninke na bayar kamar kayan wani."

Na ce ta rufe mini baki. Na faɗa da tsawa ne don ni ma tsoron ya gama kama ni.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai tsawo. Na karɓe ta daga hannunta na danna.

"Allo? Zulai? Mi ya samu Inna?"

Muryarsa ce, da ƴar shaƙewar nan tasa kamar mai mura. Na kurma ihu har awaki suka watse. Muka gangaro da gudu, ina riƙe da wayar sama kamar mai ɗauke da garwashi, ina roƙon Allah kada ta yanke. Na buɗe muryar yadda kowa zai ji, na kara a kunnen Inna. Ɗakin ya cika, na waje suka toshe ƙofa da taga.

"Inna, ni ne. Lurwanu ne."

Inna ta tashi zaune ba wanda ya taimake ta. Ta ce, "In kai ne, mi na ba ka ran da za ka tahi?"

"Ƙuliƙulin Yaya da yaji cikin ƙullin leda. Kinka ce kada in ci sai na wuce Agadas, na cinye tun Dakwaro."

Ɗakin ya ɓarke. Masu kabbara na yi, masu guɗa na yi, matan da suka zo kuka suka hau dariya da hawayen a fuska. Inna ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaryar furar nan da ta tsinke tun rana, ta kafa kai. A waje na ji Kawu na cewa a naɗe tabarmi, a tuƙa tuwon a ci na murna. Da aka ba Lurwanu labarin abin da ya faru ya yi dariya har da tari. Ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa, Bashiru ne ya hau mota ya je har gonar ya ɗauko shi. Ya ce ashe yana da jama'a haka, a gaida duk wanda ya zo makokinsa.

Sai aka miƙa wa Zulaihatu. Ba ta tuna da rufe muryar wayar ba, ni kuma ban yi tunanin karɓa in rufe mata ba. Ta juya baya don kunyar Inna, ta yi ƙasa da murya, amma duk muna ji.

"Ka yi haƙuri. Gobe zan bi su gida-gida in amso, in wanke. Ɗarin bana da ƙarhi, kada ka zo ka iske ba ka da abin sawa."

"A'a, bar musu," in ji shi, har yanzu da sauran dariya a bakinsa. "Ai kin yi daidai. Bana ba ni zuwa. In na taso wani za a sa gurbina, kuma hanya ba ta da kyau."

"To sai da zahi?"

Dariyar ta gushe daga muryarsa.

"Zulai, kada in yi miki ƙarya. Ko baɗi ban sani ba. Na zahin ma ki hiddo ki bayar, kada su lalace a banza. Ki samu wuri a akwatin ki sa naki."

Wani ya yi masa magana daga can, sai Lurwanu ya ce mai wayar na son abarsa, zai sake kira in ya samu hali. Wayar ta yanke.

Guɗar ta tsaya. Inna ta sauke ƙwaryar daga bakinta ta riƙe a cinya. Zulaihatu na tsaye da wayar a kunne ba ta sauke ba. Tun safe ake kiranta mai takaba, ana rungumarta, ana kwance mata ƴan kunne, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Yanzu da kowa ya ji mijinta na da rai sai ta sulale ƙasa, ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa zaton yana cikin macen nan ba.

Matan suka tsaya cirko-cirko. Wata ta fara cewa barka ta haɗiye, wata ta fara ya haƙuri ita ma ta haɗiye. Ni kuwa tausayinta da haushin ƙanena suka hana ni motsi.

Inna ce ta ture bulusan ɗin gefe, ta sauko daga gado da ƙyar, ta zauna a ƙasa. Ta jawo kan Zulaihatu ta ɗora a cinyarta, ta dubi matan ta ce su fita su ja mata ƙofa.